Mu uku likita ta zaunar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abu ina fasawa, don maganar gida ce kuma ba tawa ni kaɗai ba, sai da maigida da abokiyar zamana suka ce in rubuta amma kar in sa suna ko unguwa. To ba suna. Ni dai haihuwar Maradi ce, nan na yi lakkwal har koleji, nan aka yi mini aure, ni ce uwargida. Mijina na ɗauke da ƙwayar cutar Sida, amaryarshi ma haka, ni kuma har awon da na yi na baya-bayan nan jinina lahiya lau, kuma muna nan gida ɗaya, tukunya ɗaya, rabon kwana bai tsaya ba. Abin da ya sa na matsu in faɗa shi ne yadda nake jin mata wurin biki da suna suna cewa in wannan cuta ta shiga gida aure ya mutu, kowa ya kama gabanshi. Wallahi ba haka ba ne, ni shaida ce.

A 2018 abin ya fara. Alhaji ɗan kasuwa ne, hatsi da wake da aya yake kaiwa, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya zuwa Katsina har Kano ya san ta kamar tsakar gidanshi, wani lokaci ya yi kwanaki bai dawo ba. Amarya bazawara ya auro ta daga wajen Tasawa, yarinya mai kunya, Yaya take ce mini tun ranar da ta tare. Da ta samu ciki ta fara zuwa awo, nan aka ɗibi jininta kamar yadda ake ma kowace mai ciki, aka kira ta ɗaki aka faɗa mata. Ba ta gaya ma kowa ba. Ni dai na ga yarinya ta daina cin abinci, ko hura na dama sai ta kurɓa sau biyu ta aje, da dare in ji motsinta tana kuka ƙasa-ƙasa, na ɗauka laulayi ne. Ashe maganin da aka ba ta tana ɓoye shi cikin kwallayen jerenta tana sha a ɓoye.

Wani dare Alhaji na Kano, ɗiya sun yi barci, ta shigo ɗakina ta durƙusa ta riƙe ƙafata. Ta ce Yaya ki rufa mini asiri Allah ya rufa miki naki, ga abin da aka ce ina da shi, in Alhaji ya ji zai ce ni na kawo mishi, ni da na taɓa aure, zai ba ni takardata da ciki, ina zan dosa. Ni kuwa a lokacin jikina ya mutu, abin da ya faɗo mini ɗiyana ne da kaina, don miji ɗaya gare mu, kwana biyu wurinta kwana biyu wurina, ba sai an yi mini lissahi ba. Na daɗe ban ce komai ba, sannan na tashe ta na ce me likitar ta ce a yi. Ta ce ta ce in zo da mijina, in ba zan iya faɗa mishi ba ita za ta taya ni. Na ce to ba ke da shi kaɗai ba, har da ni.

Kai namiji wurin awo a garin nan aiki ne, kowa ya sani, suna ganin wurin mata ne. Ungozomar ta ba da ƴar takarda ta gayyata, ba a rubuta komai ba sai dai ana son ganin uban cikin don lahiyar jinjiri. Da ya dawo na bari ya ci ya huta, na ce Alhaji likita na biɗarka kan cikin amarya, ni ma zan raka ku. Ya ce ku dai mata ba ku rasa abin tada ma mutum hankali, amma ya yarda. Kahin mu tahi ungozomar ta riga ta tambayi amarya ita kaɗai ko yana dukanta, ko ya taɓa yi mata barazana. Na ji daɗin wannan tambaya daga baya da na gane amfaninta, don ba kowane miji ake kai ma irin wannan labari haka kawai ba, akwai matan da suka sha duka, akwai wanda aka watso ma kaya waje da dare. Duk mai ba ma ma'aurata shawara da bai fara da wannan ba, a ganina bai san aikinshi ba.

Matar da ta zaunar da mu dattijuwa ce, ba ta da gaggawa. Ta rufe ƙofa, ta gaishe da Alhaji da girmamawa, ta ce kahin ta taɓa yatsan kowa akwai alkawari. Duk abin da ya hito za mu ji shi tare a gaban juna, kuma ba zai wuce ɗakin nan ba sai in mu uku mun yarda. Sannan ta ce abin da har yau nake ganin shi ya tsare auren amarya, ta ce Alhaji wannan awo ba ya nuna wa ya fara ɗauka, ba ya nuna yaushe, ba ya nuna daga ina, ƙwayar tana iya zama jikin mutum shekara takwas ko goma yana ƙiba yana harkarshi bai sani ba, don haka tambayar wa ya kawo ba ni da amsarta, ba likitan da ke da ita, kuma ko an samu ba za ta warkar da kowa ba. Alhaji ya yi shiru, shi ma ya taɓa wani aure da ya mutu kahin amarya, ya san da haka, mu ma mun sani. Ya ce a ɗiba.

Ba a ɗau lokaci ba rezilta ya hito, aka sake tabbatarwa da wani awon. Shi yana da ita. Amarya tana da ita. Ni babu.

Abin da ya hi ba shi wahala ba nashi ba ne, nawa ne. Ya ce ƙarya ne na'urar ta lalace, ta yaya mace za ta haihu da ni, mu yi shekaru haka, a ce ina da ita ita ba ta da ita. Likitar ta ce wannan ba baƙon abu ba ne, a wurin aikinta tana ganin irinshi, ba kowace saduwa ce ƙwayar ke wucewa ba, ya danganta da yawanta cikin jinin mai ita a lokacin, da ko akwai wani ciwon sanyi ko ƙurji a gaba da ke buɗe mata hanya. Ta juyo wurina ta ce Hajiya kar ki ɗauka jininki ne ya hi ƙarhinta, ba wanda jininshi ya hi ƙarhinta, Allah ne ya tsare ki zuwa yau, daga yau kuma sai mu ɗau mataki. Kuma ta ce in dawo bayan wata 3 a sake, don in sabon kamu ne awon yatsa ba ya ganinshi da wuri. Watannin nan na sha addu'a, ba na ɓoyewa.

Tsarin da ta shimhiɗa mana a ranar mai sauƙin faɗa ne. Alhaji ya fara magani ba jira, kyauta ne a Nijar, ƙwaya ɗaya kullum lokaci ɗaya. Ranar girkina kwaroron roba, ba fashi, har sai an auna yawan ƙwayar a jininshi, awon da suke ce ma sharj biral, wajen wata 6 da fara magani, an ga ta kwanta. In roba ta fashe kar in zauna ina kunya, in zo da gudu kahin awa 72, akwai maganin da ake sha kwana 28 ya hana kamu. Duk wanda ya ga ƙaiƙayi ko ruwa ko ƙurji ya faɗa, a yi mana magani mu uku lokaci guda, don in an yi ma ɗaya an bar biyu zai zagayo ya dawo. Ta ce maganin ba ya kashe ƙwayar ƙurmus, danne ta yake kamar garwashin da aka rufe da toka, ka daina sha ta sake ruruwa.

Maganar roba ita ce wadda na hi son in tsaya a kai, don ita ce mutane ba su faɗa. A kan takarda abu ne ƙarami, a cikin ɗaki kuwa dutse ne. Namijin da ya girma yana jin cewa wannan kayan ƴan bariki ne, yau a ce ya sa shi da matarshi ta sunna, uwar ɗiyanshi. Farko Alhaji gudun ɗakina ya riƙa yi, ranar girkina sai ya zauna majalisa har dare ya raba, ya shigo ya juya baya ya kwanta. Ni kuma zuciyata ta riƙa raya mini ko ƙyamata yake, alhali shi a nashi tunanin ni ke ƙyamarshi, yana tsoron ya cuce ni, ga kunya. Da muka koma randebu likitar ta kalle mu ta gane, ta hitar da amarya waje da dabara, ta tambaye mu ƙarara ba kunya. Ita ta buɗe fakitin robar Foula a gabanmu ta nuna yadda ake duba kwanan watan lalacewa, yadda ake matse kan don iska ta hita, ta ce kar a aje shi inda rana ke bugu ko aljihun da ake zama a kai, kar a shafa mishi man kanti ko man gyaɗa don mai yana cinye roba, kuma ɗaya sau ɗaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma daga wannan zama ne magana ta buɗe tsakanina da mijina irin wadda ba mu taɓa yi ba tun aurenmu.

Shi kuma hankalinshi bai kwanta ba sai da ya tambayi wani malami da ya yarda da shi, ba tare da ya ce shi ne ba. Malamin ya kawo mishi hadisin la darara wa la dirara, ba cuta ba cutarwa, ya ce wanda ya san yana da ciwon da zai wuce ga iyalinshi wajibi ne ya kare ta, ya kuma tuna mishi cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, neman magani ba rashin tawakkali ba ne. Ina roƙon malamanmu su riƙa faɗar wannan a wa'azi da kansu, don akwai mazan da kalma ɗaya ta liman ta hi musu zama goma da likita.

Maganin farko ya ba shi wahala, jiri da mafarkai barkatai, har wani abokin tahiya ya fara yi mishi tallan wani sassaƙe wai yana wanke jini cikin wata ɗaya, kuɗi jika da yawa. Amarya ce ta hana, ta ce Alhaji ni da ciki nake sha ban mutu ba. Daga baya aka canza musu zuwa wanda ake ba mutane yanzu mai dolutegravir a ciki, jirin ya wuce. Da dare suke sha su biyu bayan isha'i, waya na bugawa a tuna, don haka ko azumi bai taɓa shiga tsakani ba. Da aka yi sharj biral aka ce ƙwayar ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta, Alhaji sai da ya yi sadaka.

Amarya ta haihu a matarniti, aka ba jinjirin siro na sati 6, aka ɗibi jini a dunduniyarshi, babu. Ta ba shi nono zalla wata 6 ba ruwa ba bauri, nan ne muka sha fama da Hajiya uwar Alhaji da ke cewa ana kashe mata jika da ƙishi cikin zahin Maradi, ni na tsaya na riƙa tare ta da cewa likita ta hana. Bayan yaye aka sake awo, babu. Yanzu yana lakkwal. In ba a yi komai ba, cikin jarirai 100 na uwaye masu ƙwayar 15 zuwa 45 ke ɗauka, da magani kuwa abin na saukowa ƙasa da 5. Ni ma daga baya na so ƙarin haihuwa, muka koma muka yi shawara, aka duba sharj biral ɗin Alhaji aka ga tana kwance, aka ce mu aje roba, na samu ciki, aka yi ta auna ni har na haihu har na yaye, ni da ɗiyar lahiya lau.

Na san wani zai ce sa'a ce. Ni ma haka na ɗauka sai da na shiga aikin sa kai da wata ƙungiya da ke tallafa ma masu ɗauke da ƙwayar, aka yi mana formasiyo, na ji inda maganar ta samo tushe. A 2011 aka hitar da wani babban bincike, HPTN 052, kan ma'aurata 1,763 da ɗaya na da ita ɗaya babu, a ƙasashe 9 har da na Afirka, aka ga fara magani da wuri ya rage kamuwar abokin zama da kashi 96 cikin 100. A 2016 wani binciken a Turai mai suna PARTNER ya bi masu zaman tare 888, saduwa wajen 58,000 ba roba, wanda ke da ƙwayar yana shan magani ta kwanta ƙasa da ƙwayoyin cuta 200 a mililita ɗaya na jini, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamanshi ba. Tun 2012 Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar a riƙa auna ma'aurata tare a yi musu nasiha tare, a 2015 kuma ta ce duk wanda aka samu da ita a fara mishi magani nan take, ta kuma amince da maganin kariya na PrEP ga wanda ba shi da ita amma yana cikin haɗari. Mace irina da mijinta bai daɗe da fara magani ba, ko ba ta amince yana sha ba, ta tambayi likitanta wannan.

Amma duk wannan ya rataya ne kan gaskiyar mai shan maganin. A 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da aka rufe iyaka da Najeriya, Alhaji na can ciki da kaya, ya maƙale, maganin da ya tahi da shi ya ƙare, kunya ta hana shi shiga asibitin can ya nema. Da ya samu ya ɓullo ta daji a kan babur, daren da ya iso girkina ne, kahin ya cire hula ya ce uwargida na yi kwanaki ban sha ba. Da ya yi shiru ba yadda za a yi in sani. Muka koma roba, ya koma magani, sai da aka sake awo aka ga ta kwanta. Tun lokacin ba ya hita sai da guzurin magani da ya wuce kwanakin tahiyar da takardarshi a aljihu.

Abin da ke damuna a aikin nan da nake yi, hotunan da ake nunawa da littattahan formasiyo duk mace ɗaya namiji ɗaya ne zaune gaban likita. Gidajenmu nawa ne haka a Maradi, a Tibiri, a Madarunfa? Mai ciki ce ake aunawa don ita ke zuwa awo, ita ke fara ji, ita ake ɗora ma laihi, in an yi sa'a a samu mijin, kishiyoyi biyu ko uku na gida ba wanda ya tuna da su. Na ga gidan da miji da amarya suka yi shekara suna shan magani a ɓoye uwargida ba ta sani ba, sai da ta kwanta ciwo aka gane. Wannan zalunci ne ko da tsoro ne ya kawo shi. Kuma ƙarancin cutar a ƙasarmu na ƙara ɓoye ta, binciken ƙasa na 2012 ya nuna 0.4 cikin 100 na manya, kaɗan ne in an kwatanta da kudancin Afirka, sai mutane su ɗauka babu ita sam, alhali tun 1987 aka fara ganinta a Nijar, wanda ya kamu kuma ya ga kamar shi kaɗai ne a gari. Na ji a Kano an sa dokar awo kahin aure a 2024, abu ne mai kyau, a nan ma iyaye da yawa na neman takarda yanzu, sai dai takardar ranar ɗaurin aure ba ta san abin da zai faru shekara biyar gaba ba, kuma kowa ya je shi kaɗai ya kawo takarda ba daidai yake da a zaunar da su tare su ji daga bakin likita ba.

Har yau danginmu ba su sani ba, Hajiya ma ba ta sani ba, mun yanke haka mu uku. Kwano ɗaya muke ci, ɗiyanmu na kwana ɗaki ɗaya, buta ɗaya, ƙwayar ba ta bi ta nan, sauro ma ba ya kai ta. Reza da aska kawai kowa da tashi, wanzami in ya zo da sabuwar reza muke tarbarshi.

Bara Alhaji ya zo da maganar ƙara ta uku, wata bazawara ƴar mutunci. Kishi na ji shi kamar kowace mace, amma abin da na ce mishi ɗaya ne, amarya ma ta goyi bayana, ba za a ɗaura ba sai ta sani, kuma ba a zaure da dare zai faɗa mata ba, gaban likita. Ya ja lokaci yana jin nauyi, ya ce ai ƙwayar ta kwanta ba zan sa mata ba, na ce gaskiya ne amma ita ke da haƙƙin zaɓa. Suka je, aka auna ta babu, aka yi mata bayani duka kamar yadda aka yi mini, ta nemi a ba ta lokaci. Bayan sati biyu ta aiko cewa ta gode da gaskiyar da aka faɗa mata amma zuciyarta ba za ta iya ba. Alhaji ya ji ciwo sosai, ya yi kwanaki ba walwala, ya riƙa tsoron magana za ta zagaya kasuwa. Ba ta faɗa ma kowa ba, danginta cewa ta yi istihara ta yi ba ta ga alheri ba, ta auri wani daga baya, in mun haɗu wurin biki muna gaisawa har ta tambayi ɗiya.